Yadda Ake Gane Yunwar Shuka Da Tsamin Ƙasa A Tumatir Da Tattasan Da Aka Shuka Cikin Buhu Ko Bokiti

Daga Samaru zuwa Tudun Wada, daga Sabon Gari zuwa cikin birni, gidaje da yawa a Zariya yanzu suna jera buhuna da tsofaffin bokitan fenti a tsakar gida, an shuka tumatir, tattasai, attaruhu ko kokwamba. Wasu kuma sun kafa rumfar leda ko ta raga suna noman rani na sayarwa. Kukan da aka fi ji daga wurinsu iri ɗaya ne: ganye ya yi ɗorawa, an ƙara taki, abin ya ƙara lalacewa. Dalili kuwa shi ne shukar da ke cikin buhu ba ta da inda za ta miƙa saiwa ta nemi sauƙi. Ƙasar da aka ba ta ba ta wuce lita 15 zuwa 25 ba, don haka duk kuskuren da aka yi na ruwa ko na taki, a kanta yake ƙarewa cikin 'yan kwanaki. Sau da yawa ma abincin yana nan cikin ƙasar, shukar ce ta kasa ɗauka, ko don saiwa ta shaƙe, ko don tsamin ƙasar ya kauce daga inda ya kamata. Wanda ya zuba wa irin wannan shuka yuriya, gishiri ya ƙara mata a kan gyambo.

Saboda haka kada hannu ya kai ga buhun taki sai an bi abubuwa uku a jere: a duba saiwa da ruwa, a karanta ganye, a auna tsami.

Fara da abin da ba yunwa ba ne

Ka tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In ta yi caɓi, ko ka ɗaga buhun ka ji nauyi kwana biyu bayan ban ruwa, to ruwa ba ya fita. Saiwa tana numfashi, kuma in ta rasa iska sai ta daina shan abinci, ganyen ƙasa ya yi ɗorawa kamar na yunwar naitrojin, shukar ta yi yaushi da rana alhali ƙasa na jiƙe. Kowane bokiti yana buƙatar huda shida zuwa takwas a gindi, masu faɗin fensir, sannan a ɗora shi kan bulo ko duwatsu don kada hudar ta toshe da siminti. Ka tone gefe guda a hankali ka ga saiwar. Lafiyayya fara ce mai ƙwari. Wadda ta yi ruwan ƙasa, ta yi laushi, tana wari, ta ruɓe. Wadda ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi, tsutsar saiwa ce da ido ba ya gani, kuma tana yawa a ƙasa mai yashi da aka sha shuka tumatir ko kuɓewa. Babu takin da ke gyara wannan. Cire shukar za a yi, a zubar da ƙasar nesa da sauran.

Sai ka juya bayan ganye. In ka ga ƙananan fararen ƙudaje suna tashi, ganyen sama kuma ya ƙanƙance ya nannaɗe sama kamar cokali, gefensa ya yi ɗorawa, shukar ta tsaya cak, wannan cutar nannaɗewar ganye ce da farin ƙuda ke yaɗawa, kuma tana kama da yunwar sinadarin tutiya, wato zinc, sosai har takan ruɗi gwanaye. In ka ga ɗige-ɗige masu ƙanƙanta kamar an tsira allura, da siririyar saƙa a ƙarƙashi, jan gizo-gizo ne, wanda ya fi ta'adi lokacin zafi da ƙura. In akwai farin faci mai shara-shara a cikin ganyen da baƙin kashi a ciki, tsutsar nan ce da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye tumatir har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a 2016.

Akwai hanya mai sauƙi ta rarrabewa. Yunwa tana da tsari: takan fito daidai wa daida a ɓangarori biyu na ganye, a kan ganyaye masu shekaru ɗaya, kuma a yawancin buhunan da aka cika da ƙasa ɗaya. Cuta da ƙwari ba su da wannan tsarin, sukan kama wannan su bar wancan, su yi tabo mai zobe-zobe, ko su kayar da reshe ɗaya su bar ɗaya.

Abu guda da ake yawan mantawa: famfon feshin da aka taɓa zuba wa maganin ciyawa. Ragowarsa kaɗan ta isa ta murɗe sabon tohon tumatir ya zama sirara kamar igiya. A ware famfo daban don taki da maganin ƙwari.

Karanta ganye: sama ko ƙasa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace amfani. Akwai sinadaran abinci da shuka ke iya kwashewa daga tsohon ganye ta kai wa sabo in sun yi ƙaranci, wato naitrojin, fosfaros, fotashiyam da magnesiyam. Don haka yunwarsu a tsofaffin ganyayen ƙasa take fara bayyana. Wasu kuwa in sun zauna a ganye sun zauna ke nan, irin su kalshiyam, sinadarin ƙarfe, boron da manganis, kuma farar wuta da tutiya ma ba sa motsi sosai. Yunwar waɗannan a sabon toho take fitowa.

A ganyen ƙasa, in launin ya kwashe gaba ɗaya, har da jijiyoyin ganyen, daga kore zuwa fari-fari zuwa ɗorawa, yana hawa sama sannu a hankali, kara ya yi siriri, naitrojin ne. Shi ne ya fi yawa a nan, domin ƙasar yankinmu ba ta da yawan ruɓaɓɓen ganye, ruwan damina kuma yana wanke naitrojin daga buhu da sauri. Yana kuma faruwa in an cakuɗa ɗanyen garin katako ko ɗanyen ɓuntun shinkafa da yawa, saboda ƙwayoyin da ke ruɓar da su suna cinye naitrojin kafin shuka ta samu. Magani: giram 1 zuwa 2 na yuriya a kowace lita ta ruwa, a ba kowace shuka rabin lita zuwa lita ɗaya a kan ƙasa mai danshi. Cikin kwana biyar zuwa bakwai za a ga kore ya dawo. Amma a lura, ganye biyu ko uku na can ƙasa da inuwa ta rufe, su yi ɗorawa su faɗi, tsufa ne kawai.

In tsakanin jijiyoyi ne ya yi ɗorawa, jijiyoyin kansu suna nan kore shar, a ganyen ƙasa da na tsakiya, magnesiyam ne. Ya fi zuwa lokacin da tumatir ya ɗauki 'ya'ya da yawa, ko an cika fotashiyam, domin su biyun rige-rige suke a bakin saiwa. Kamfa, wato NPK 15-15-15, ba shi da magnesiyam ɗin kirki, shi ya sa mai dogaro da shi kaɗai yake yawan ganin wannan. Ana gyara shi da gishirin Epsom, wanda ake samu a shagunan kayan noma da wasu kemis: giram 10 zuwa 15 a lita, a fesa wa ganye da yamma, a maimaita bayan kwana goma, sau biyu ko uku. A famfo mai lita 16, giram 160 zuwa 240 ke nan.

In gefen ganye da bakinsa ne suka yi ɗorawa sannan suka ƙone kamar an kusantar da su ga wuta, 'ya'yan kuma suna nuna da faci-faci, wani wuri ja wani wuri kore ko ɗorawa, fotashiyam ne. Tumatir yana cin fotashiyam fiye da naitrojin da zarar ya fara 'ya'ya, don haka NPK 20-10-10 da aka saba yi wa masara bai dace da shi ba a wannan matakin. A ba shi takin fotash giram 3 zuwa 5 kowace shuka, a binne nesa da kara, ko fotashiyam naitiret giram 1 zuwa 2 a litar ruwa. Sai dai a yi hattara, ƙonewar gefen ganye ita ce kuma alamar gishirin taki ya yi yawa, kuma maganin ɗaya guba ne ga ɗayan. Za mu dawo kan haka.

Fosfaros shi kuma ba ya sa ɗorawa. Ganye yakan yi kore mai duhu, bayansa da jijiyoyinsa su yi shunayya, shukar ta ƙi girma. A Zariya akwai tarko a nan. Cikin Disamba da Janairu, daren hunturu kan sanyaya ƙasar buhu ƙwarai, kuma saiwar tumatir ba ta ɗaukar fosfaros sosai in sanyin ƙasa ya sauka ƙasa da digiri 15. Sai ka ga ƙaramin dashe ya yi shunayya alhali akwai sufa, wato takin fosfaros, a ƙasar. Kada a ƙara komai. A daina ban ruwa da magariba, a koma hantsi, a matsar da buhunan jikin bangon da rana ke duka, launin zai tafi da kansa. In kuwa ba sanyi, to ko dai ba a sa sufa ba tun farko, ko ƙasar ta yi tsami ta riƙe shi. Fosfaros ba ya tafiya cikin ƙasa, shi ya sa ake cakuɗa sufa tun kafin dashe, kamar giram 15 zuwa 20 a bokiti mai lita 20. Barbaɗa shi a sama daga baya ba ya yin tasiri sosai.

Yanzu mu hau sama. Sabon ganye ya fito ɗorawa ko fari-fari, jijiyoyinsa sirara kore kamar raga, tsofaffin ganye kuwa lafiya lau: sinadarin ƙarfe ne. Jar ƙasarmu cike take da ƙarfe, shi ya ba ta launinta, don haka da wuya a ce babu shi. In ka ga wannan alama, zargi toka da ta yi yawa, ruwa mai kanwa, ko ruwan da ya kwanta. Za a iya kwantar da abin da fesa takin ƙarfe mai narkewa, rabin giram zuwa giram ɗaya a lita, amma in ba a gyara ƙasar ba, toho na gaba haka zai fito. Manganis yana kama da shi, sai dai ɗorawar ba ta kai haka haske ba, kuma ƙananan ɗige masu ruwan ƙasa kan biyo baya. Farar wuta kuwa kamar naitrojin take, ganye gaba ɗaya ya kwashe, amma daga sama take farawa. Mai amfani da yuriya da kamfa zalla, ba sufa ba takin gida, shi ya fi haɗuwa da ita, domin sufa na ɗauke da farar wuta da kalshiyam. Yunwar tutiya tana ƙanƙantar da ganye, ta matse gaɓoɓin kara. Ta boron tana kashe kan toho, kara ya yi gautsi, fure ya zube. Boron yana da haɗari domin tazarar da ke tsakanin isa da guba kaɗan ce: giram ɗaya na boraks, garin da ke ɗauke da boron, a lita, feshi ɗaya, kada a wuce.

Kalshiyam ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ya fi jawo asara da ɓata kuɗi. Alamarsa da kowa ya sani ita ce baƙin faci a gindin ɗan tumatir ko tattasai, wurin da fure ya faɗi, ya lotsa ya bushe kamar fata. Mutane sukan ɗauka cuta ce su yi ta fesa magani. Kalshiyam tare da ruwa yake hawa cikin shuka, kuma ganye ya fi ɗan itace jan ruwa. Idan buhu ya bushe ƙayau da azahar sannan aka cika shi da yamma, musamman a Maris da Afrilu, ko lokacin da busasshiyar iskar hunturu ke zuƙe ganye, ɗan da ke girma yakan rasa rabonsa na 'yan awoyi, ƙwayoyin gindinsa su mutu. Yawan yuriya ko ɗanyen kashin kaji yana ƙara tsananta abin, kuma dogon tumatir irin Roma ya fi kamuwa. Babban magani shi ne danshi mai ɗorewa: a raba ruwa kashi biyu, safe da la'asar, a rufe saman ƙasa da busasshiyar ciyawa mai kaurin yatsa uku, a yi amfani da mazubi da bai gaza lita 20 ba. Bayan haka ne kalshiyam naitiret, giram ɗaya a lita a zuba a gindi duk mako, zai yi amfani. Fesa kalshiyam a ganye ba ya isa ga ɗan yadda ake zato. Ɓawon ƙwai da aka daka yana ɗaukar watanni kafin ya narke, ba zai ceci wannan girbin ba. 'Ya'yan da suka riga suka yi baƙi a tsinke su.

Auna tsamin ƙasa

Ma'aunin da ake kira pH yana tafiya daga 0 zuwa 14. Bakwai shi ne tsaka-tsaki, ƙasa da shi tsami, sama da shi ɓangaren kanwa. Kowane mataki ninki goma ne, wato ƙasa mai 5 ta ninka mai 6 tsami sau goma. Tumatir, tattasai da kokwamba sun fi jin daɗi tsakanin 6.0 da 6.8 a ƙasa. In a garin ɓawon kwakwa ake shuka ba ƙasa ba, ana so ruwan takin ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5.

In awon ƙasa ya sauka ƙasa da 5.5, alminiyam da manganis na cikin ƙasa sukan narke su zama guba. Saiwa ta yi gajarta da kauri ta daina rassa, fosfaros ya ɗaure, kalshiyam da magnesiyam su yi ƙaranci. In ya haura 7.5, ƙarfe, tutiya da manganis ne ke kullewa. Shi ya sa idan ka ga alamu uku ko huɗu sun haɗu a shuka ɗaya, kusan kullum tsami ne ko saiwa, ba wai sinadarai huɗu ne suka ƙare rana ɗaya ba.

Ƙasar tudu ta kewayen Zariya dama tana da ɗan tsami, kuma ba ta da ƙarfin riƙe kanta in an matsa mata. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da ke Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922, tana da filin gwaji da aka fara a 1950 don kwatanta kashin shanu da takin zamani shekara bayan shekara. Abin da aka gani a can shi ne filayen da aka daɗe ana ba su takin naitrojin mai amoniya ba tare da kashin shanu ba sun ƙara tsami, waɗanda ake sa wa kashin kuwa sun fi riƙe kansu. Abin da ya ɗauki shekaru a fili, a buhu yana iya faruwa cikin kaka ɗaya ko biyu. Amoniyam salfet ya fi yuriya tsamar da ƙasa, amma ita ma tana yi.

Yadda ake aunawa: a ɗebi ƙasa daga zurfin yatsa, ba ta sama ba, daga buhuna huɗu ko biyar masu matsala, a cakuɗa, a cire tsakuwa da saiwa. A zuba kofi ɗaya na ƙasa da kofi biyu na tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, amma a tabbata ruwa ne zalla ba mai asid ba. A motsa sosai na minti ɗaya, a bar shi minti talatin, a tace ruwan sama, sannan a tsoma takardar gwaji ko alƙalamin awo. Takardar tana da araha kuma ta isa ta nuna ko kana 5 ko 6 ko 8. Alƙalamin ya fi daidai, amma sai an saita shi da ruwan saiti mai lamba 4 da mai lamba 7 aƙalla sau ɗaya a wata, kuma kada a bar bakinsa ya bushe. Na'urar nan mai ƙafafu biyu na ƙarfe da ake cakawa a ƙasa, wadda ba ta da batir, ba abin dogaro ba ce, sau da yawa kusa da 7 take nunawa ko me aka caka mata. Yana da kyau a auna ƙasar lafiyayyen buhu ita ma, domin bambancin da ke tsakaninsu ya fi lambar kanta bayani. Mai rumfa babba da ya zuba jari, gara ya kai samfurin rabin kilo ɗakin gwajin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru kafin ya cika buhuna ɗari.

Sai a auna ruwan ban shukar shi ma. Ruwan sama yana da ɗan tsami kuma ba shi da gishiri, shi ya fi kyau in an tara. Rijiya da burtsatse kowace da halinta, ko a unguwa ɗaya. Ruwan wanki da na wanke-wanke kuwa, duk da ƙarancin ruwa a rani, kada a ba shukar buhu. Sabulu da omo suna ɗaga ƙasa zuwa ɓangaren kanwa, su tara sodiyam.

Gyaran tsami

In awo ya nuna ƙasa da 5.8, ana sa layim na noma, wato niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa. Nau'in dolomait ya fi, domin yana kawo magnesiyam tare da kalshiyam. Don ɗaga ƙasa mai yashi-yashi mataki ɗaya, ana buƙatar kamar giram 1 zuwa 2 a kowace litar ƙasa, wato giram 20 zuwa 40 a bokiti mai lita 20. Mai yashi sosai ta ɗauki ƙaramin adadin, mai laka irin ta fadamar Galma ta ɗauki babban. A cakuɗa, a jiƙa, a bar shi mako biyu zuwa uku kafin dashe. In shuka na ciki, a sa rabin wannan, a shigar da shi saman ƙasa da yatsa, a sake awo bayan mako uku. Farar ƙasar da magina ke jiƙawa ta yi zafi, ba ita ake nufi ba, tana ƙona saiwa.

Tokar itace tana yin aikin, kuma tana kawo fotashiyam, amma ƙarfinta kusan rabin na layim ne kuma tana aiki da sauri. Cokali biyu zuwa uku na cin abinci a bokiti, a cakuɗa kafin shuka, ya isa farawa. Matsalar toka ita ce kyauta ce, sai a riƙa juye ta murhu kullum a gindin shuka har ƙasar ta haura 8, sabon ganye ya fito fari. Kada a haɗa toka ko layim da yuriya ko kashin kaji rana ɗaya, naitrojin zai tashi iska, har warinsa za ka ji. A bar mako biyu tsakani. Tokar da aka ƙona roba ko katako mai fenti a ciki, a zubar.

Kanwa kuwa kada ta kusanci shuka. Gaskiya ne tana kashe tsami a tukunya, shi ya sa wasu ke ganin za ta yi a ƙasa, amma yawancinta sodiyam ne. Tana toshe ƙasa ta hana ruwa shiga, ta ƙona saiwa, kuma fitar da ita wahala ne.

In awo ya haura 7.3, da farko a daina abin da ya jawo: toka, ruwan sabulu, ko gawayin ɓuntu da ya yi yawa. A maye gurbin yuriya da amoniyam salfet na ɗan lokaci, giram 2 a lita. Garin farar wuta yana sauke awon, kamar giram 6 zuwa 10 a bokiti mai lita 20, amma ƙwayoyin ƙasa ne ke sarrafa shi, don haka yakan ɗauki wata ɗaya zuwa uku. In ruwan ne mai kanwa, a riƙa sa masa garin tsamin lemo kaɗan-kaɗan, a fara da giram 2 a jarka mai lita 20, ana awo har ya sauka kusa da 6.5. Wani lokaci, in shukar ƙarama ce, sauya ƙasar ya fi arha da sauri.

In taki ne ya yi yawa

Alamunsa: farin ɓawo kamar gishiri a saman ƙasa ko bakin huda, bakin ganye ya ƙone a sama da ƙasa lokaci ɗaya, shuka ta yi yaushi ko da akwai danshi, sau da yawa kwana ɗaya zuwa uku bayan an sa taki. Gishirin yana jawo ruwa daga saiwa maimakon saiwa ta sha. A nan ne ake rarrabe shi da yunwar fotashiyam, wadda ke tafiya a hankali kuma daga ƙasa kawai. Magani wanki ne: a kankare ɓawon, a zuba ruwa mai kyau ninki biyu na girman mazubin, lita 40 ga bokiti mai lita 20, a hankali, yana fita ta ƙasa. A bar shi ya tsane kwana biyu ko uku, sannan a dawo da taki a rabin ƙarfi.

Yawan naitrojin shi kaɗai yana da tasa kama: ganye kore har ya yi baƙi-baƙi, kara mai kauri, kan shuka ya murɗe ƙasa, fure kaɗan. Mai shi yakan yi murna da ganye har lokacin girbi ya zo babu 'ya'ya. Sai dai zubewar fure a bazara, in zafin rana ya haura digiri 35, ba laifin taki ba ne, inuwar raga take buƙata.

Ma'aunin da ba ya cutarwa ga babbar shukar tumatir a bokiti shi ne murfin kwalbar lemo ɗaya na kamfa, kimanin giram 5 zuwa 6, duk mako biyu zuwa uku, a binne a gefen bokiti nesa da kara, a bi da ruwa. Kashin kaji sai ya ruɓe wata biyu zuwa uku, ya daina zafi da warin fitsari. Haɗin ƙasa mai kyau shi ne kashi biyu ƙasar sama, kashi ɗaya ruɓaɓɓen kashin shanu, kashi ɗaya tsohon ɓuntu ko yashin rafi. In za a narka taki da yawa a ajiye, kalshiyam naitiret ya zauna a jarkarsa daban, domin in ya haɗu da gishirin Epsom ko takin fosfaros da kauri sai su yi farin laka da shuka ba ta iya sha, ya kuma toshe bututun ɗiga.

Bayan an yi gyara

A gyara abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma a fara da buhu biyu ko uku, a bar sauran don kwatance. Wanda ya zuba layim, ya fesa Epsom, ya ƙara yuriya duk rana ɗaya, ko shukar ta warke bai san me ya yi aiki ba, in ta mutu ma haka. A ɗaura zare a kara daidai ƙarƙashin sabon toho ranar da aka yi maganin, a rubuta kwanan wata da adadin da aka sa. Ganyen da ya ƙone ba ya dawowa, kuma wanda yunwar magnesiyam ta mayar ɗorawa da wuya ya koma kore, don haka ba a kansu ake hukunci ba, a kan abin da ya fito sama da zaren ake yi. Naitrojin da ƙarfe sukan nuna sauyi cikin mako guda, magnesiyam da fotashiyam kwana goma zuwa mako biyu, kalshiyam kuwa sai a zangarniyar 'ya'ya ta gaba, layim sai bayan mako uku. Duk feshin ganye a yi shi da sassafe ko bayan la'asar, a jiƙa bayan ganyen, kuma kada a fesa wa shukar da ke cikin ƙishi, a ba ta ruwa tukuna.